Wuyan Tirelar Jirgin Malam

Ranar da Malam ya shigo layinmu yana jan jirgin ruwa a bayan mota, ina tsaye a rumfar gida ina shanya. Na ga motarmu ta karyo kwana a hankali, wani abu mai ƙyalli yana biye da ita, na ɗauka wani ne ya matse masa baya. Sai da ya tsaya a ƙofar gida ya sauke gilashi, na ga haƙoransa duk a waje, sannan na gane abin namu ne.

Ya ce, "Hajiya, zo ki sa albarka."

Na ce, "Malam, lafiya? Ambaliya aka ce za a yi?"

Ya tuntsire da dariya har yana dukan sitiyari. Dariyar nan ce ta rufe mini baki, don rabon da in ji ta tun kafin ciwonsa. Duk tsiyar da na tanada sai na haɗiye, na ce Allah ya sanya alheri.

Aikinsa na koyarwa a wata jami'a ne ya kawo mu Kuala Lumpur. Muka kama haya a unguwar Setapak, cikin gidajen nan da ake jerawa manne da juna, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, in ya yi atishawa sai ka yi masa addu'a daga ɗakinka. Kowane gida da 'yar rumfar mota a gaba, da get na ƙarfe da ake turawa gefe. Rumfar nan muke kira gareji don mu ji daɗin bakinmu, amma in mota ɗaya ta shiga, sai mutum ya matse ciki kafin ya wuce falo.

Mun ɗan kwana biyu a garin, hawan jini ya kayar da shi a ofis. Allah ya taƙaita abin. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, ya koma aji, har likita ya yarje masa tuƙi tunda motar ba mai canjin giya ba ce. Hannun hagu ne ya ƙi. Yana ɗaguwa, yatsun suna motsi, amma duk abin da ya fi kofin shayi nauyi sai ya zame. Ni nake ɓalla masa maɓallin wuya, ni nake yayyanka masa nama, 'yarmu take ɗaura masa agogo kafin ta tafi kwaleji. Karin maganar nan ta hannu ɗaya da jinka, tun lokacin na daina faɗin ta a gidanmu ko da wasa.

A waje kuwa ba wanda ya sani. Hannun yana cikin aljihun kaftani, in an tambaye shi jiki ya ce alhamdulillahi, ya warware sarai. Hausawan garin ba mu da yawa, kuma maganar da aka yi a bakin masallaci ranar Juma'a, kafin magariba ta isa Kano ta waya. Malam bai yarda a riƙa yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa ba. Amma in ya shigo gida ya cire hula, sai ya zauna gaban talabijin ba ya kallo, in na yi magana ya ce "to". Mutumin da a da sai na ce masa ya bar ni in ji da kunnena. Na yi addu'a, na yi girki kala-kala, na yi faɗa da gangan ko zai rama, bai rama ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina ganin mijina yana tafiya alhali yana zaune.

Shi ɗan masunta ne daga bakin Kwara, wajen Yauri. Ya iya riƙe filafili tun bai iya ɗaura wando ba, boko ne ya raba shi da ruwa. Ni kuwa Bakanuwa ce ta cikin gari, ruwan da na sani na randa ne, sai kududdufin unguwa, shi ma an hana mu zuwa. A wajen wani dattijo Bamalaye da suke salla tare ya ga jirgin, ɗan ƙarami na alminiyam da ɗan injinsa a baya. Dattijon zai koma ƙauyensu, ya sallama masa.

Jirgin a kan 'yar tirela mai taya biyu yake kwance. A gabanta akwai wani dogon ƙarfe da ya miƙe ya wuce hancin jirgin, mu wuya muke ce masa. A ƙarshen wuyan akwai ƙoƙo da ake kifawa a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota. Akwai kuma wata 'yar taya mai hannun murɗawa, in ka murɗa wuyan ya ɗaga, in ka warware ya sauka. Malam ya nuna mini abin kamar yaro da sabon keke. Ya murɗa da hannun dama, ya matso da mota, ya warware, ƙoƙo ya faɗa mazauninsa, ya danna makulli. A bakin ruwa ma haka, igiyar da ke jawo jirgi kan tirela da hannu ɗaya ake naɗe ta. A tsaye a wurin na fahimci abin da ya saya. Wannan ne abu guda da ya rage masa a duniya wanda zai yi daga farko har ƙarshe bai ce wa kowa "kama mini" ba.

Da ya zo shigar da shi gareji aka ga ta'asa. Jirgi ya shige tsaf har da saura, amma wuyan tirela ya tsaya a waje, ya haye kwatar bakin gida, ya leƙa titi da kusan kamu biyu. Na turo get, ya zo ya daki ƙarfen ya tsaya.

Na ce, "Malam, ba ka auna ba ne?"

Ya ce, "Na auna mana. Sau biyu ma."

Kuma gaskiyarsa, ya auna. Ya auna jirgin da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, yadda ya ga babansa yana yi in an je sayen kwalekwale, ya dawo ya auna rumfa, ya ga akwai sarari. Abin da bai auna ba shi ne tirela. A garinsu jirgi a ruwa yake kwana, an ɗaure shi a jikin turke, ba wanda ya taɓa ɗora shi a kan taya balle ya nema masa ɗaki. Idonsa ya ga jirgi, bai ga amalanken da ke ƙarƙashinsa ba. Na yi masa tsiya son raina, na ce mutum da digiri uku ya tsallake ƙarfe mai tsawon mutum. Ya ce ai digirin ba na amalanke ba ne. Muka ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen wuyan, mota ta koma kwana a gefen titi, get ya zauna rabi a buɗe.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan. Duk Asabar da safe zai ɗaura tirelarsa ya nufi tsofaffin ramukan haƙar kuza da ke bayan gari, waɗanda ruwa ya cika suka zama tafkuna. Ya dawo bayan la'asar, ya yi baƙi, yana ƙarni, da karfasa a cikin bokiti. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya cika ni da labarin kifin da ya kuɓuce, wanda kullum ya fi wanda aka kama girma. Sau ɗaya na bi shi, na zauna a bakin gaɓa a kan tabarma, ban yarda ko yatsan ƙafata ya taɓa ruwan ba. Na hango shi can tsakiya, hannun dama a kan sandar inji, na hagun a fili a kan gwiwa, bai ɓoye shi ba tunda ba mai gani. Ya juyo jirgin ya yi wani lanƙwasa don dai in gani, ni kuwa ina ta salati.

Ba zan ce buɗaɗɗen get bai dame ni ba. Ko shara zan fitar sai na zura hijabi, magunan unguwa duk sun mayar da jirgin masauki, kuma na sha yi masa mita a kai. Amma mita ce ta baki. Da a ce a zaɓa mini, da na zauna da get a buɗe har mu bar ƙasar.

Wata ranar ruwa ce ta ɓata lamarin. Irin ruwan garin nan da yake sauka da yamma kamar an kifar da baho. Wani mai kai abinci a babur ya raɓo gefen titi yana gudun ruwan da ya taru a tsakiya, bai ga jan ƙyalle ba, ya daki wuyan tirela. Allah ya tsare, ƙwauri ne ya ɗan goge, amma abincin mutane ya watse a kwata, kuma ya zazzaga mana faɗa da Malayanci har maƙwabta suka leƙo. Washegari sai ga mai gidan da muke haya. Tsohuwa ce 'yar Sin, mutuniyar kirki, duk sabuwar shekararsu sai ta kawo mana lemo. Ta tsaya ta dubi ƙarfen, ta dubi Malam.

Ta ce da irin Turancin garin, "Cannot lah, Dakta. Kwamitin unguwa sun kira ni. Ko get ya rufu kafin ƙarshen wata, ko jirgi ya bar gidan. Sorry ah."

Ba ta da laifi, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Da ta yi mana rashin mutunci da na samu wanda zan huce a kansa.

Ba dabarar da ba mu gwada ba. Muka karkata tirelar ta kwanta a kusurwa, sai ginshiƙin rumfa ya tare ta. Aka kwance inji aka tura jirgin baya har ya manne da tagar falo, abin da aka samu bai fi taƙi ɗaya ba. A bar shi a titi, kwamiti sun hana. A bar shi a bakin tafki, ba mai gadi, kafin sati ko igiya ba za a tarar ba. Na ce a mayar wa mai shi, ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce an yi ciniki an sa albarka, kuma mutumin ya bar gari. Har na ce mu tashi mu nemi wani gidan, na san ba mai yiwuwa ba ne, faɗa kawai na yi. Kullum bayan la'asar sai in gan shi ya sunkuya yana sake auna rumfar da gwiwar hannu, ko Allah zai sa ta ƙaru cikin dare. Shirun nan ya fara dawowa. Ni ban san ƙarfe ba, ban iya tuƙi ba, Malayancina bai wuce na cefane ba. Abin da na iya shi ne in tsaya a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu.

Akwai wani ɗan Kano da ke sayar wa ɗalibai wayoyi da garin kwaki da duk abin da aka nema, wanda ba lungun da bai sani ba a garin. Shi ya ji labari, shi kuma ya kawo wani Ba'indiye mai walda har gida, da kayan aikinsa a bayan 'yar mota. Na kai musu shayi bakin ƙofa, Malam ya karɓa, na koma bayan labulen tagar falo. Daga nan ina jin komai, ina kuma ganin su ta gefen jirgin.

Mai walda ya zagaya tirelar, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can. Da Turancinsa mai gauraye da Malayanci ya ce in aka datse wuyan aka gajarta shi, duk kwanar da aka sha hancin jirgi zai daki bayan mota. Abin da ya fi shi ne a yanka shi daidai hancin jirgin, a sa masa gaɓa irin ta ƙyaure. In an dawo gida a naɗe shi gefe, get ya rufu. In za a fita a miƙe shi, a zura ƙatuwar ƙusa ta kulle gaɓar.

Ɗan Kano, wanda yake fassara wa Malam abin da ya shige masa duhu, ya ce, "Wallahi Dakta wannan idea ɗin is perfect. Ka ga an huta."

Mai walda ya kwatanta da hannayensa. Ya ce ƙarfen zai ɗan sunkuya saboda nauyi, don haka in an miƙe shi sai a ɗaga bakinsa da hannu ɗaya har ramukan su haɗu, a saka ƙusar da ɗaya hannun. Sannan ya tambayi Malam, shi kaɗai yake fita da jirgin ko akwai mai taimaka masa?

Na ga hannun Malam ya ƙara nutsewa cikin aljihu. Ya saci kallon ɗan Kano, wanda yake tsaye yana kurɓar shayi, waya a ɗaya hannun.

Ya ce, "Ni kaɗai. Ba matsala."

Mai walda ya ce, "Boleh?" Wato zai iya?

Malam ya ce, "Boleh."

Ina bayan labule kamar in tsage shi. To in fito in ce me? In tsaya a tsakiyar maza in ce hannun mijina ba ya aiki? A inda aka haife ni, macen da ta yi haka ta tuɓe mijinta a kasuwa, kuma ba shi kaɗai zai riƙe ta da abin ba. Na yi tari, ba wanda ya waiwayo. Na saki faranti a ƙasa, ɗan Kano ya ce, "Sannu Hajiya." Da na ga mai walda ya fara janyo waya zai jona injinsa, sai na ɗaga murya na ce, "Malam, ana kiran ka a waya."

Ya shigo. Ya san ba wata waya.

Na yi ƙasa da murya na ce, "Ka ji abin da ya ce kuwa? Hannu biyu ya ce. Ka ja shi gefe ka faɗa masa, shi kaɗai. Ai ba Bahaushe ba ne, ina ruwansa? Wataƙila akwai wata dabarar."

Ya ce, "Ina zan ja shi? Yaron nan yana manne da mu, shi ne ma tafinta."

"To ka ce su dawo gobe."

"Wata ya ƙare, Hajiya." Ya gyara hularsa. "Ki bar mini wannan. Zan san yadda zan yi."

Ya fita. Na zauna a hannun kujera.

Ƙarar injin yanka ta cika layin, tartsatsi yana tashi har kan get. Da wuyan ya rabu biyu, bakinsa ya faɗi ƙasa da ƙara, na ga Malam ya kau da kai ya dubi titi. Mai walda bai yi algus ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya sa farantan ƙarfe masu kauri sama da ƙasa, ya bi su da wuta har sau biyu, yana cewa abin da zai hau babban titi ba a wasa da shi. Ya mayar da 'yar tayar murɗawa baya da gaɓar don ta riƙe tirela in an naɗe wuyan. Da ya gama ya shafa baƙin fenti, ya miƙe wuyan, ya ɗaga, ya saka ƙusa, ya zare, ya naɗe, duk cikin ƙiftawar ido. Ya ce Malam ya gwada. Malam ya dubi sama ya ce ya gani, ya gane, kuma lokacin salla ya yi.

Ɗan Kano ne ya turo get. Ya tafi sumul har ya daki ginshiƙi, ya rufu ruf. Ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, problem solved!" Da yamma mai gida ta biyo ta gani, ta ɗaga mana babban yatsa. Kowa ya yi murna, ni ma na yaƙe baki.

Ranar Asabar ya shirya kamar kullum, na zuba masa shayi a fulas, na sa masa ƙosai a leda. Rana ta ɗan ɗago, layin ya fara motsi. Ya buɗe get, ya tura wuyan da gwiwa, ya miƙe ba gardama. Ya ɗauki ƙusa ya zura, ta shiga ramin sama ta tsaya. Ƙarfen ya sunkuya da kamar kaurin yatsa, ramukan sun saɓa. Ya murɗa 'yar taya, tirela duka ta ɗaga, amma bakin wuyan yana nan a sunkuye tunda tayar tana bayan gaɓa. Ya ajiye ƙusa ya je ya ɗaga bakin da hannun dama, ramuka suka haɗu, ba mai sakawa. Ya saki ya dawo, suka rabu.

Ina tsaye a ƙofar falo. Na ce, "Malam, bari in kama maka."

Bai waiwayo ba ya ce, "Koma ciki."

Ban koma ba, ban kuma matso ba. Ya ɗauko bulo ya tura ƙarƙashi, ya yi gajere. Ya ɗora katako a kai, ya yi tsawo, kuma wurin gangare ne zuwa titi, da ya taɓa sai duk suka zame. Ya durƙusa ya sa cinya ya tokare ƙarfen, ya miƙa hannu, bai kai gaɓar ba. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Ina jin numfashinsa daga inda nake, ina ta ya Hayyu ya Ƙayyumu a zuci, ina roƙon Allah ya sa ramukan nan su haɗu ko sau ɗaya ne.

Can sai ya fito da hannun hagu daga aljihu. Ya sa masa ƙusar a tsakanin yatsu, ya lanƙwasa su da na dama, ya ɗora bakin ƙusar a kan rami. Sannan ya miƙa hannun dama iya tsawonsa ya ciccibi ƙarfen. Ramuka suka zo daidai, na gani da idona. Abin da ya rage kawai a danna. Hannun ya yi rawa, yatsun suka buɗe da kansu, ƙusa ta zame ta daki siminti, ta gangara ta faɗa kwata. Hannun ya tsaya a sama yana karkarwa, a gaban duk wanda ke layin.

Maƙwabcinmu na tsallaken titi, wani Bamalaye ma'aikacin banki, yana wanke mota. Ban san tun yaushe yake kallo ba. Ya ajiye tiyo ya tsallako da sauri, ya zura hannu a kwata ya ciro ƙusar, ya goge ta a wandonsa, ya ɗaga ƙarfen, ya danna. Ta shige har wuya. Ya dubi hannun Malam, ya yi saurin ɗauke ido.

Ya ce, "Ya Allah, Dakta, me ya sa ba ka faɗa ba? Ba komai lah. Duk Asabar ka ƙwanƙwasa mini, in zo in saka maka. In ka dawo ma in cire. Mu maƙwabta ne."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, Allah ya saka masa. Malam ya miƙe a hankali, ya mayar da hannun aljihu, ya yi masa irin murmushin da ake yi wa baƙo. Wuya a miƙe, mota tana nan, fulas yana kan kujera, ba abin da ya rage sai ya matso da baya ya ɗaura. Ya tsaya yana kallon ƙusar. Sannan ya ce wa maƙwabcin, don Allah ya taimaka ya cire ta, ya fasa fita yau, yana ganin kamar hadari. Sama kuwa tas take, ko gajimare babu. Maƙwabcin ya ɗaga kai ya duba, ya zare ƙusar ya naɗe wuyan ya koma wajen motarsa.

Malam ya rufe get ya shigo falo ya zauna. Na bi shi, bakina bai tsaya ba. Na ce a kira mai walda ya ƙara wata tayar a gaba. Na ce a samo jak na mota. Na ce ni zan riƙa ɗagawa, in ya so mu fito tun layin bai tashi ba, wa zai gani? Na ce a mayar da wuyan yadda yake, in tsohuwar ta kore mu ta kore mu. Ina faɗa ina jin yadda maganganun suke faɗuwa ƙasa, don duk dabarar da na kawo sai an kira wani, ko an yi wa wani bayani, ko an tsaya jiran wani. Garin neman gira mun rasa ido, kuma na rasa wanda zan kama da laifi. Hawaye suka zubo mini, na bar su.

Ya bari har na yi shiru. Sannan ya karkata, ya laluba aljihun dama, ya ciro makullin mota ya miƙo mini.

Ya ce, "Ungo, ajiye wannan a wajenki."

Na ce, "In yi me da shi, Malam? Ni da ban iya tuƙi ba?"

Ya ce, "Ki dai ajiye."

Hannunsa yana miƙe, bai sauke ba. Na sa hannu biyu na karɓa.